Lissafi ma magani ne: Travis Porco da ƙidayar yaran jahar Dosso

Duk wanda ya san Gaya ya san gari ne na ruwa da albarka. Nan ne kusurwar da ta fi kowace samun ruwan sama a ƙasar Nijar, ga kogin Isa yana ratsawa, ga Malanville ta ƙasar Benin a tsallake, ga Kamba ta jahar Kebbi ta Najeriya a gabas. Amma inda ruwa ya yawaita, sauro ma yakan yawaita, kuma inda hanyoyi suka haɗu, cututtuka ma sukan haɗu. Idan damina ta yi nisa, ɗakin jira na likita yakan cika da uwaye masu goye da yara, wannan masassara, wancan zawo, wani kuma numfashi na yi masa wuya.

Waɗanda suka kai likita ana rubuta sunansu cikin kundi. Amma yaron da ya cika a ƙauye mai nisa, cikin dare, aka yi masa sutura da safe, sau da yawa babu takardar da ta san ya zo duniya, balle ta san ya bar ta. To idan haka ne, ta yaya hukuma za ta gane cewa wani magani yana rage mutuwar yara? Ta yaya za a bambanta aikin magani da sauƙin da shekara mai kyau ta kawo?

Amsa wannan tambaya ita ce sana'ar wasu malamai da ake kira masana ƙididdigar lafiya. Ba su riƙe allura, ba su auna jini, aikinsu lissafi ne. Ɗaya daga cikinsu, wani Ba'amurke mai suna Travis Porco, yana cikin waɗanda suka tsara wani babban bincike da aka gudanar a jahar Dosso, binciken da ya sa Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da sabuwar shawara game da yaran Afirka.

Daga tarin fuka zuwa amodari

Porco ya yi karatun ƙididdigar lafiya a jami'ar Berkeley ta jahar Kaliforniya, inda ya sami digirin dakta. Daga baya ya zama farfesa a jami'ar Kaliforniya ta birnin San Francisco, cikin cibiyar Proctor, wadda aka kafa tun 1947 domin binciken cututtukan ido.

Aikinsa na farko da ya yi suna bai shafi ido ba. A shekarar 1995, tare da malama Sally Blower da wasu abokan aiki, sun wallafa wani nazari a kan tarin fuka. Sun sa cutar cikin lissafi: mutum nawa mai tari ɗaya yake harba, nawa ne ciwon ke kwanta musu a jiki ba tare da ya tashi ba, nawa ne yake tasar musu bayan shekaru. Lissafin ya nuna cewa annobar tarin fuka ba irin ta sanƙarau ba ce da ke tashi da rani ta kwanta da zuwan ruwa. Tafiyar hawainiya take yi, tana iya ɗaukar shekaru ɗari ko fiye kafin ta hau, ta sauka, ta zauna. Darasin da ke ciki shi ne, idan an ga cuta tana raguwa, kada a yi saurin cewa aikin wane ne, domin mai yiwuwa lokacin saukarta ne ya yi.

A 2004 ya jagoranci wani nazarin a kan ciwon sida a San Francisco, wanda ya kiyasta cewa bayan zuwan sababbin magungunan cutar, yiwuwar mai ɗauke da ita ya harbi wani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wato maganin da aka ba mutum ɗaya yana kare wanda bai sha ba. Wannan tunani zai sake dawowa a ƙauyukan Dosso.

Amma hanyar da ta kawo lissafinsa Nijar ta bi ta ciwon amodari ne, ciwon idon nan da ke sa gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Ana yaƙar amodari da wani magani mai suna azitromisin, wanda ake raba wa mutanen gari baki ɗaya, mai ciwo da marar ciwo. A 1999, Porco da likitan ido Thomas Lietman da abokan aikinsu suka yi tambaya: sau nawa ya kamata a raba maganin kafin cutar ta ƙare a gari? Lissafinsu ya nuna cewa inda ciwon ya yi katutu, sau ɗaya a shekara bai isa ba, sai an raba kowane wata shida, domin ƙwayar cutar tana dawowa tsakanin rabo da rabo.

Abin mamaki a ƙasar Habasha

Domin a gwada wannan lissafi a zahiri, aka shirya bincike a yankin Amhara na ƙasar Habasha, cikin garuruwa 48. Wasu aka fara ba su magani nan take, wasu aka jinkirta nasu da shekara guda. Tun da yake ana bin gida gida ana ƙidayar mutane, sai aka rubuta har da waɗanda suka rasu. Da aka zo tara lissafi, sai ga wani abu da ba shi aka fita nema ba: a garuruwan da aka raba magani, cikin kowane yara 1000 masu shekara 1 zuwa 9, kimanin 4 ne suka rasu a shekara, a garuruwan da ba a raba ba kuwa, kimanin 8. An wallafa wannan sakamako a 2009, kuma sunan Porco ne a gaba.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, maganin ido ya rage mutuwar yara da rabi. Amma a nan ne sana'ar mai ƙididdiga take da amfani, domin shi ne mai ja wa murna linzami. Yaran da suka rasu cikin binciken ba su da yawa, kuma idan adadi ya yi kaɗan, sa'a kawai tana iya karkata shi. Lissafin da kansa ya nuna cewa ragin na gaskiya yana iya zama babba ƙwarai, kusan kashi 70 cikin 100, yana kuma iya zama kashi 10 kacal. Ba a ɗora siyasar lafiyar ƙasa a kan tazara mai faɗi haka. Sai an sake gwadawa, da yara masu yawan gaske, a wurin da mutuwar yara ta yi tsanani.

Me ya sa aka zo Dosso

Nijar ta daɗe tana fama da wannan masifa. Babban binciken jama'a da lafiya na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ba su kai shekara biyar ba. A 1998 adadin ya koma 274, a 2006 ya koma 198, a 2012 kuma 127. An sami ci gaba na gaske, ta hanyar rigakafi, da gidan sauro, da ɗakunan shan magani na karkara, da kuma kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006. Duk da haka jahar Dosso ta kasance cikin waɗanda abin ya fi tsananta.

Saboda haka, lokacin da aka shirya babban binciken da aka sa wa suna MORDOR a ƙasashe uku, wato Malawi da Tanzaniya da Nijar, sai aka zaɓi gundumomin Boboye da Loga, arewa da Gaya, cikin jaha ɗaya. An fara a ƙarshen 2014, aka kammala a 2017. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta ba da kuɗi, kamfanin Pfizer ya ba da magani, ma'aikatan Cibiyar Carter ta Nijar da hukumar kula da lafiyar ido ta ƙasa suka yi aikin ƙauye. Cikin ƴan ƙasa da sunansu ya fito a wannan aiki akwai Ahmed Arzika da Amza Abdou.

Ƙuri'a da ƙidaya

Tsarin binciken manomi zai fi kowa saurin gane shi, domin asalinsa daga gona ya fito. A shekarun 1920, wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Ronald Fisher yana aiki a wata gonar gwaji, inda ake son a san takin da ya fi. Idan manomi ya zuba taki a fadama ya bar jigawa ba taki, ba zai taɓa sanin ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ce ta fi kyau ba. Fisher ya ce a yanka gona kashi kashi, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba. A 1948 wani masanin, Austin Bradford Hill, ya kai wannan dabara asibiti, wajen gwada maganin tarin fuka.

Haka aka yi a Boboye da Loga. An ɗauki garuruwa 594, ƙuri'ar kwamfuta ta raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba yaransu azitromisin, ɗaya kashin aka ba su wani ruwa mai kama da shi a launi da ɗanɗano, amma ba magani a ciki. Ba maigari ya zaɓa ba, ba likita ba, ba ɗan siyasa ba. Mai rabon kansa bai san abin da ke cikin kwalbar da ke hannunsa ba, haka uwar yaro, haka mai ƙidaya. Dalili shi ne, ɗan Adam idan ya san inda maganin yake, idonsa zai fi ganin sauƙi a can ko da bai yi niyya ba.

Gari ake jefa wa ƙuri'a, ba yaro ba, domin yaran gari ɗaya suna wasa tare, suna shan rijiya ɗaya, suna harbin juna da cuta. Wannan yana da tsada ga mai lissafi, saboda yara 100 na gari ɗaya ba su kai yara 100 na garuruwa daban daban nauyin shaida ba. Shi ya sa aka bukaci garuruwa masu yawa haka.

Kowane wata shida ma'aikata suna shiga gida gida da ƴar na'ura a hannu, suna kiran sunan kowane yaro mai wata 1 zuwa wata 59. Yana nan? Ya ƙaura? Ya rasu? Sa'an nan a auna tsawonsa da sanda mai alama, ko nauyinsa idan jariri ne, a ba shi gwargwadon nasa. Sau huɗu aka yi rabo cikin shekara biyu.

Abin da lissafi ya nuna

An wallafa sakamakon a watan Afrilu na 2018. A ƙasashen uku an bi garuruwa 1,533, da yara 190,238 a ƙidayar farko. A jimilla, mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a garuruwan da suka sami magani. Amma ragin bai zo daidai ba: kashi 3.4 a Tanzaniya, kashi 5.7 a Malawi, kashi 18.1 a Nijar. A ƙasashen biyu na farko, bambancin bai fi abin da sa'a za ta iya kawowa ba. A Nijar kuwa ya fi ƙarfin sa'a.

Ga yadda abin yake a fili. A garuruwan Boboye da Loga da ba su sami magani ba, cikin yara 1000, kimanin 27 zuwa 28 ne ke rasuwa a shekara. A waɗanda suka samu, kimanin 22 zuwa 23. Yara biyar ke nan cikin dubu, kowace shekara, suka rage a hannun uwayensu. Babu wanda zai iya nuna su da yatsa ya ce ga su nan, domin yaron da bai mutu ba, ba ya da alama. Lissafi kaɗai ke ganinsu. An kuma lura cewa jarirai masu wata 1 zuwa 5 su ne suka fi amfana.

Ragin bai kai rabin da aka gani a Habasha ba, kuma wannan ya tabbatar da hikimar waɗanda suka ƙi yin gaggawa. Daga baya aka koma gidajen da aka yi rashi, ana tambayar uwaye yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, domin a gane abin da ya yi sanadi. An ga ragi wajen mutuwar da ta shafi masassarar sauro, da zawon jini, da sanƙarau, da ciwon huhu. Wani nazarin kuma ya nuna cewa amfanin maganin yana ƙaruwa gwargwadon nisan gari da likita. Wannan magana ce mai nauyi: maganin yana cike gurbin likitar da ba ta kusa ne.

Kuɗin da ake biya

Babu alherin da ba ya da nasa nauyi. Ƙwayoyin cuta idan suka saba haɗuwa da magani, masu taurin kai cikinsu su ke saura, su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina ci. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, su suka auna shi da kansu. A wasu garuruwa 30 da aka keɓe, an riƙa ɗaukar majina da bayan gida na yara ana dubawa. A 2019 aka bayyana cewa cikin ƙwayoyin ciwon huhu da aka samu a hancin yara, kimanin kashi 12 cikin 100 sun daina jin wannan magani a garuruwan da aka yi rabo, alhali a sauran garuruwan kimanin kashi 3 ne. A 2020 aka ƙara bayyana cewa alamun taurin kai a cikin hanjin yara sun ninka kusan sau bakwai.

Shi ya sa a 2020, da OMS ta fitar da shawararta, ta yi taka-tsantsan. Ba ta yarda a raba wa kowane yaro a ko'ina ba. Ta ce a duba yiwuwar rabawa ga jarirai masu wata 1 zuwa 11 kawai, a wuraren da fiye da jarirai 60 cikin 1000 ke rasuwa kafin shekara guda, ko fiye da yara 80 cikin 1000 kafin shekara biyar, kuma da sharaɗin a ci gaba da ƙidayar mutuwa, da auna taurin kan ƙwayoyin cuta, da ƙarfafa sauran ayyukan lafiyar yara.

Amma shin ba jarirai kaɗai zai wadatar? Wannan ma sai da aka koma ga ƙuri'a. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2023 aka gudanar da bincike na biyu mai suna AVENIR, a jahohin Dosso da Tawa, cikin garuruwa 3,000, da yara fiye da 380,000, tare da ofishin ministan lafiya da wata cibiyar bincike ta ƴan ƙasa da ke Birnin Gaure. An raba garuruwan uku: inda aka ba dukan yara ƴan ƙasa da shekara biyar, inda aka ba jarirai kaɗai, da inda ba a ba da magani ba. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna ragin kashi 14 cikin 100 inda aka ba dukan yara. Inda aka ba jarirai kaɗai, ragin kashi 6 ne, wanda bai fi ƙarfin sa'a ba. Abin lura kuma, jariran kansu sun fi tsira a garuruwan da yayyensu ma suka sha maganin. Darasin San Francisco ke nan ya dawo: wanda ya sha yana kare wanda ke kusa da shi.

Ba ko'ina aka sami irin wannan sakamako ba. A Burkina Faso da Mali, inda aka haɗa azitromisin da maganin rigakafin masassara na damina, binciken da aka wallafa a 2019 bai ga ƙarin amfani ba. Abin da ya tabbata a Loga ba dole ne ya tabbata a kowane wuri ba.

Abin da ya shafi Gaya

Mutanen Gaya sun riga sun ga amfanin ƙidaya da idonsu. A 2013 wani sabon nau'in sanƙarau, wanda ake kira nau'in C, ya ɓulla a jahar Sakkwato, a 2014 ya bayyana a Kebbi, a 2015 kuma ya faɗa wa Nijar. Jahar Dosso, har da gundumar Gaya, tana cikin waɗanda ya taɓa, kuma a ƙasa baki ɗaya an ƙidaya kusan mutum 8,500 da suka kamu, 573 suka rasu. Ƙa'idar OMS ita ce, idan gunduma ta sami mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, an shiga annoba, a tashi da allurar rigakafi. Idan ma'aikacin ƙaramar likita bai cika takardarsa ta mako ba, adadin ba zai kai ba a kan takarda, alhali ya kai a maƙabarta.

Garin iyaka kuwa shi ya fi wuyar ƙidaya. Yaro yana Gaya yau, gobe yana wajen kakarsa a Malanville, jibi an kai shi Kamba neman magani. Ko da aka rufe gadar kogi a 2023, mutane sun ci gaba da tsallakawa cikin jiragen ruwa. Idan mai ƙidaya ya zo aka ce masa yaro ya tafi tsallake, alhali ya rasu a can, lissafi ya karkace. Mutuwa ɗaya da aka ɓoye don kunya ko don gudun tuna baƙin ciki tana iya sa maganin banza ya yi kama da na kirki, ko na kirki ya yi kama da na banza.

Akwai kuma maganar magungunan tebur da ake sayarwa a kasuwannin iyaka. Wanda ya ji wannan labari ya je ya sayo ƙwayoyi yana ɗura wa ɗansa ba bisa ƙa'ida ba, bai bi binciken ba, ya saɓa masa ne. Abin da aka gwada shi ne awo ɗaya, daidai da girman yaro, sau biyu a shekara, a hannun ma'aikata, ana kuma sa ido. Abin da ya wuce haka kiwon ƙwayoyin cuta masu taurin kai ne, kuma su ba su san iyakar ƙasa ba.

Porco ya ci gaba da irin wannan aiki a wasu fagage, har da kiyasin yadda annobar Ebola ta 2018 za ta yaɗu a gabashin Kongo. Amma lissafinsa, komai kyansa, yana tsaye ne a kan ƙafar matasan da suka bi rairayin Dallol Bosso gida gida suna tambaya, da uwayen da suka daure suka faɗi gaskiya. Nijar tana da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, tana da cibiyar binciken lafiya ta CERMES, tana da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Abin da ya rage shi ne ɗaliban da Allah ya ba kan lissafi, a makarantun Gaya da Dosso da Dogon Dutsi, su san cewa akwai wata hanyar yi wa lafiyar jama'a hidima ban da riƙe allura, magabata kuma su buɗe musu ita. Hukuncin ci gaba da rabon wannan magani ko dakatar da shi zai dogara ne ga adadin da za a riƙa tarawa shekara bayan shekara, kuma ya dace masu tara shi da masu fassara shi su kasance ƴan ƙasa.

Kafin nan, aikin kowane magidanci mai sauƙi ne: a yi wa jariri takardar haihuwa, a kai yaro likita da wuri, idan an yi rashi a sanar, idan mai ƙidaya ya yi sallama a amsa masa da gaskiya. Allah ya raya yara, ya ba marasa lafiya sauƙi.